Ciki Ɗaya

A kwatar Dakoro, inda mahauta ke yanka tun kafin rana ta yi zafi, in ka tambayi wanda ya fi kowa iya fiɗa, kafin ka rufe baki za a ce maka Kalla. Ƙato ne, wuyansa da kansa kusan kauri ɗaya. Hancinsa ya karye sau biyu a fagen dambe ya warke a karkace, haƙoransa uku na gaba kuwa suna can cikin rairayin Tagriss inda wani bahago ya zubar masa da su. Ya ba arba'in baya. Ba ya gaisuwa sai an gaishe shi, ba ya dariya sai wani ya faɗi, kuma ko Sarkin Fawa in zai yi masa faɗa, sai ya fara duba ta inda zai fita.

Amma a kayar masa da sa a miƙa masa wuƙa, sai ka rantse wani aka canjo. Zai tsaga daga maƙogwaro zuwa wutsiya da ja ɗaya, ya bi ƙafafu, sannan ya ajiye wuƙar ya dunƙule hannun nan da yake kayar da maza da shi, ya riƙa cusa shi tsakanin fata da nama a hankali kamar mai lallashin jariri. Ƙirgin yakan fito fes, ba tsokar da ta biyo shi, ba inda kaifi ya lasa. Majema har rigima suke yi a kan fatar da ta fito daga hannunsa. Shi ma abin taƙamarsa ke nan a duniya, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba sai ya faɗa: wuƙarsa ba ta taɓa huda fata ba.

Ƙarya yake yi, kuma akwai mutum ɗaya a garin da ke yawo da shaidar ƙaryar a gadon bayansa.

Kalla ɗan tagwaye ne. Ran suna an raɗa masa Hasan, ɗan'uwansa Usaini, kamar yadda ake yi wa 'yan biyu ko'ina. Sunan kakansa ne, Kalla, ya bi shi har ya danne na yanka. Suna yara ba mai iya bambanta su sai uwarsu, Inna Haula, in dai ba magana suka yi ba. Da sun buɗe baki an gane, domin Usaini yana da i'ina mai tsanani. Kalma takan maƙale masa a maƙoshi, ya yi ta kokawa da ita har jijiyoyin wuyansa su tashi.

Ubansu, Harisu mahauci, bai san wata hanyar koyarwa ba sai duka. Yana da bulala da ya murɗa da hannunsa daga fatar wuyan raƙumi, yana shafa mata kitse, tana rataye bayan ƙyaure. Tun suna shekara tara yake yanka musu awaki ya bar su da fiɗa, ya tafi kasuwa. In ya dawo sai ya ɗaga fatun ɗaya bayan ɗaya ya kara su da rana. Duk inda haske ya ɓullo, an huda ke nan.

Ranar farko da haske ya ɓullo, wuƙar Kalla ce ta zame. Harisu ya zura yatsa cikin hujin, ya dubi yaran.

"Wa ya yi wanga?"

Kalla ya dubi bulalar. Bai ma san lokacin da yatsansa ya tashi ya nuna ɗan'uwansa ba. Usaini ya zaro ido, ya buɗe baki zai ce ba shi ba ne, kalmar ta maƙale. "Ba... ba... ba..." Harisu ya ɗauka Baba yake kira don neman afuwa, ya ce to tunda ka amsa laifinka, zo nan. Ya ɗaure shi a turken akuya, ya yaye masa riga. Bulala ta farko ta tsaga fata, ta uku ta fito da jini, daga nan Kalla ya daina ƙirgawa. Inna Haula ta faɗo tsakani, ita ma ta samu rabonta a fuska, ta koma ɗaki tana toshe baki da zane.

Shekara shida ana haka. Kalla ya huda, Kalla ya nuna, Usaini ya sha. Kafin wani miki ya warke an ɗora wani a kansa, har bayan yaron ya koma kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Da suka kai sha biyar Harisu ya ce wannan ba shi da hannun fawa, ya kai shi wurin wani tela ya watsar. A lokacin kuwa hannun Kalla ya riga ya nuna, bai sake huda fata ba. Wato ya koyi sana'arsa tsaf, amma a jikin wani aka rubuta masa darasin.

Usaini bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya zama tela a bakin kasuwa, siriri, mai sanyin hali, ba ya tuɓe riga ko zafi zai kashe shi. A wurin zikiri aka gano cewa in ya ɗaga murya yana yabon Ma'aiki harshensa sakewa yake yi sarai, ba ko tuntuɓe. Daga nan aka sa masa Zakiru, sunan ya bi shi. Shekaru suka ja, ɗaya ya kumbura da nama da naushi, ɗaya ya bushe a kan keken ɗinki, har yaran gari ba su san tagwaye ne ba. Duk ranar kasuwa Kalla yakan aika wa gidan Zakiru hanta da ƙoda, amma shi da ƙafarsa ba ya zuwa. In suka haɗu a hanya sai ya ji ransa ya ɓaci ba dalili. Kunya ce ke cin sa, sai dai Kalla bai san kunya ba sai ta rikiɗe masa ta zama fushi.

Abin ya faru ne wata ranar kasuwa da hantsi, bayan Sallar Azumi da 'yan makonni. Wani dillalin fatu mai suna Bubakar, baƙo ne kuma bakinsa ba linzami, ya ɗaga wani ɗanyen ƙirgi gaban jama'a, ya zura yatsa ta wani rami yana karkaɗa shi.

"Jama'a ku taho ku ga aikin gwani! Wanga ba shi ne Kalla ya heɗe ɗazu ba?"

Ko yaron mahauta ya kalli ramin nan ya san na tsohon gyambo ne, ba na wuƙa ba. Amma Kalla bai ga rami ba. Yatsa ya gani cikin huji, irin yadda ubansa ke yi, sai idonsa ya rufe. Naushin farko ya sami Bubakar a muƙamuƙi, aka ji ƙas kamar an karya rake. Ya faɗi kan tiren wani mai goro, Kalla ya haye ruwan cikinsa ya shiga kirɓa. Jini ya wanke goro. Maza huɗu suka kama shi, ya watsar da su. Sai wani ya sheƙa ya kira Zakiru, don kowa ya san shi kaɗai ne Kalla bai taɓa ɗaga wa hannu ba.

Zakiru ya iso da awon ɗinki rataye a wuya, ya rungumo ɗan'uwansa ta baya. Ya so ya kira shi da sunan yanka, sunan da ba mai kiransa da shi sai shi da Inna. Kalmar ta maƙale. "Ha... ha... ha..." Kalla ya ji kamar wani ne ke yi masa dariya a kunne. Bai waiwaya ba. Ya kai gwiwar hannu baya da dukan ƙarfinsa, ya ji haƙarƙari ya amsa, sannan ya finciko mutumin ya yi jifa da shi.

A gefen akwai teburin mai sayar da man fetur a kwalabe, isansi kamar yadda ake ce masa a nan. Zakiru ya faɗa kansa, kwalabe suka tarwatse, mai ya jiƙa masa gaban riga sharkaf. Taku biyu daga nan tukubar mai tsire ce tana ci.

Wutar ba ta yi wata-wata ba. Fuu ɗaya ta yi, sai ga mutum tsaye yana ci kamar kara. Rigar ta yadin roba ce, ta narke ta manne masa a ƙirji. Ya ruga cikin kasuwa hannuwa a sama, mutane na darewa, kuma ihun da ya yi ba i'ina a cikinsa ko kaɗan. A ihun ne Kalla ya gane muryar. Ya tashi daga kan Bubakar, ya fizgi ɗanyen ƙirgin nan mai rami, ya bi shi ya kayar, ya lulluɓe shi ya danne da ƙirjinsa har wutar ta mutu. Da ya ɗaga ƙirgin, wani wari ya buge shi wanda ya sani tun yana yaro, warin babbakar kai da ƙafa. Ya durƙusa ya yi amai a cikin rairayi.

Mutane suka ce a kai asibiti. Kalla ya daka musu tsawa, ya saɓi ɗan'uwansa a kafaɗa ya kai shi gida. A nan ya tafka kuskuren da sai mai sana'arsa zai tafka. Ya duba ƙirji da cikin Zakiru ya ga ba fata, jan nama ne da fari-fari, sai tunaninsa ya tafi inda ya saba: abin da ba shi da fata, a sa masa fata. Ya taɓa ganin ubansa ya naɗe wani da raƙumi ya ja a ƙasa cikin ɗanyar fatar tunkiya. Ya aika aka kawo jar akuya, irin wadda fatarta ta fi kowace laushi, ya yanka, ya feɗe ta. Bai taɓa fiɗa mai kyan wannan ba, ko ƙwarzane babu. Ya shimfiɗa ta da ɗuminta a kan mikin, ya ɗaure da tsumma, ya zauna bakin ƙofa ya hana kowa shiga.

Kwana biyu zazzaɓi ya rufe Zakiru, ɗaki ya ɗauki ɗoyi, ƙudaje suka yi baƙi a labule. Halimatu matar Zakiru, wadda ba a taɓa jin muryarta a waje ba, ta fito daga madafa da taɓarya ta tsaya kan Kalla.

"Ka gasa mini miji, yanzu kuma ruɓar da shi za ka yi? Wallahi in ba ka kauce ba sai na hwasa maka kai, in ya so a kai mu jandarmari a kulle mu duka."

Kalla ya dubi taɓaryar, ya dubi matar, ya kauce. A asibitin Dakoro majo, babban ma'aikacin jinya, ya ɗaga gefen fatar akuyar ya leƙa, ya sake ta, ya sa masa ruwa a jijiya, ya ce wannan sai Maradi. Kafin azahar ambulans ta wuce Kornaka da su, Kalla na tsugune a baya yana riƙe da gorar ruwan.

Likitar da ta karɓe su a Maradi sunanta Nuriyya, 'yar gajeriya mai tabarau, ba ta kai kafaɗar Kalla ba. Ta sa aka jiƙa fatar akuyar, ta shiga ɓanɓarowa da hantsaki. Fatar ta yi kore ta yi yauƙi, tana tasowa da ruɓaɓɓen nama da mugunya. Zakiru ya ciji tsumma har dasashinsa ya yi jini. Da ta gama ta jefa ta cikin bokiti, ta juyo.

"Wa ya yi wanga?"

Shekara talatin da wani abu rabon Kalla da wannan tambaya. Ya ji yatsansa na motsi da kansa. Ya duba ɗakin, ba wanda zai nuna sai wanda ke kwance.

"Ni ne, lokotoro," ya ce.

Ta yi masa wankin babban bargo gaban ma'aikata, ya sunkuyar da kai yana ji. Washegari jandarma, wato ɗan sanda, ya zo ɗaukar bayani. Maganar muƙamuƙin Bubakar Sarkin Fawa ya roƙa a jinkirta ta, amma ta wuta sai an ji daga bakin mai ita. Aka tambayi Zakiru wa ya tura shi. Fuskarsa duk a naɗe, ido ɗaya da baki kawai ake gani. Ya daɗe yana kokawa da kalmar, jandarma na jira da biro a hannu, Kalla na jingine da bango yana jiran a kira sunansa. Da kalmar ta fito, cewa ya yi, "Santsi." Jandarma ya rubuta santsi ya tafi.

Kwana goma ana wanke miki ana yanke ruɓa. Daga nan likita Nuriyya ta kira Kalla ta yi masa bayani dalla-dalla. Fuska da hannuwa za su warke da kansu. Ƙirji da ciki kuwa wutar ta cinye fatar har ƙasa, ba za ta sake tsirowa ba, sai an yi dashe: a yanko 'yar siririyar fata daga wani sashe na jikin mutum a shimfiɗa a wurin. Ta ɗebi abin da za ta iya daga ƙafafunsa, bai rufe ko rabi ba. Ruwan jikinsa yana tsiyayewa ta mikin dare da rana, ƙwayoyin cuta na shiga. In ba a rufe shi cikin mako biyu ba, ta ce, sai dai a yi haƙuri.

"Bayanshi na so in ɗiba, nan ne hwata ta hi yawa," ta ce. "Na juya shi na ga abin da ban taɓa gani ba. Tabo bisa tabo, ba inda wuƙata za ta bi. Wa ya yi mishi hakanga?"

"Ubanmu," in ji Kalla.

Ya buɗe ƙirji ya matso. "Lokotoro, ki ɗebi tawa. Ƙato ni ke, hwata ta yi mini yawa. Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya munka hito."

Ta girgiza kai. Ta ji maganar yadda kowa ke jin ta, wato uwarsu ɗaya. Ta tambaye shi, shi da yake fiɗa, me yake gani a bayan fata in ya ɗaga ta? Ya ce jajayen zare ne sirara, birjik, wuƙa na tsinka su. Ta ce to su ne ran fata. In an dasa fata, kwana biyu na farko tsotson ruwan miki take yi, daga nan sai jiki ya miƙo mata waɗannan zaren jinin su shige ta, shi ne ake cewa ta kama. Amma jiki ya san nasa. In ta akuya ce, ko ta maƙwabci, ko ta ɗan'uwa ma, zai gane baƙuwa ce, ya toshe zaren, ta yi baƙi ta faɗo, mikin ya fi da muni.

Ta ciro wayarta ta nuna masa hoton wani abu ja-ja cikin ƙaramin faranti na gilashi. Ta ce a ƙasashen da ta yi karatu akwai masu ƙoƙarin shuka fata a ɗakin bincike daga ɗan ƙanƙanin yankin jikin majinyaci, har suna neman saƙa mata zaren jininta tun kafin a shimfiɗa ta, don ta kama da wuri. Kalla ya ƙura wa hoton ido, ya ga zaren nan da ya shekara talatin yana tsinkawa, ga wasu can sun duƙufa suna ƙulla shi ɗaya-ɗaya.

"A kawo ta mana," ya ce. "Ko mi za a sai da, a sai da."

"Gwaji a kai har yanzu, Malam Kalla. Ko can ba ta kai ga kowa ba, balle nan."

Ya fita waje ya sami wata bishiyar dogon yaro ya yi ta naushinta har fatar yatsunsa ta saɓule, masu jinya na kallo daga nesa ba mai iya matsowa. Yana da fata tun daga wuya har dunduniya, lafiyayya, mai sheƙi, kuma ba ta da amfanin komai. Wannan ne karo na farko da ƙarfinsa ya ba shi haushi.

Ana nan kwana biyu suka wuce, zazzaɓi na hawa. A rana ta uku Halimatu ta dawo daga Dakoro da Inna Haula, wadda aka ɓoye wa girman abin har ta gaji ta ce ko a kai ta ko ta taka da ƙafa. Tsohuwa ce tukuf, idonta ɗaya ya yi yana. Ta shigo ɗakin, likita na canja ɗauri, ta ga jan naman ƙirjin ɗanta a buɗe. Sandarta ta faɗi.

"Usaini! Wayyo Usaini, ɗana, mi anka yi maka?"

Hannun likita Nuriyya ya tsaya cak. Ta dubi takardar da ke rataye a gadon, an rubuta Zakiru Harisu. Ta dubi tsohuwar.

"Inna, wa kika kira Usaini?"

"Shi mana. Zakiru ai mutanen gari sunka sa mishi."

"To ina Hasan ɗin? Yana da rai?"

Inna Haula ta nuna ƙaton da ke rakuɓe a lungu, mai karyayyen hanci da giɓi. Likita ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta je ta kama kunnen Kalla ta juya shi kamar mai tayin rago, ta koma ta duba kunnen Zakiru da wuta ba ta taɓa ba. Ta dubi yatsun ƙafarsu. Sannan ta fashe da faɗa.

"Kai wane irin mutum ne? Kwana goma sha uku kana nan ba ka ce mini tagwaye ku ke ba!"

"Na hwaɗa miki," in ji Kalla. "Na ce ciki ɗaya munka hito."

Likita ta juya wurin tsohuwa ta rage murya, ta tambaye ta ranar da ta haife su, mabiyiya nawa ta biyo baya, ɗaya ko biyu. Inna Haula ta ɗan ji nauyin tambayar gaban 'ya'yanta maza, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Guda ce, ɗiyata. Babba, da cibiya biyu jikinta. Tana nan bayan ɗakina inda ungozoma ta bizne ta."

Likita ta ce in haka ne akwai fata guda a duniya da jikin Zakiru ba zai ce wa baƙuwa ba, domin tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya jikinsu bai san bambancinsu ba. Ba ta yi alkawari ba. Ta gwada jininsu ya zo iri ɗaya, ta ce sauran tabbacin sai jikin ya ba da shi, kuma ba lokacin jira. Ta ce wa Kalla ya tuɓe.

Ya tuɓe ya juya mata baya. Ta shafa shi daga kafaɗa zuwa ƙugu, faffaɗa, sumul, ko ƙurji bai taɓa yi ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Gida ɗaya, uba ɗaya, kai ko tabo guda babu?"

Inna Haula ta kawar da kai ta dubi bango, ita da ba ta taɓa rikita 'ya'yanta ba ko sau ɗaya. Kalla ya ji gumi na bin bayan nan nasa.

Da safe kafin a shiga da shi ɗakin tiyata ya ce a nuna masa wuƙar. Ta nuna masa, wata mai faɗi da abin daidaita kauri. Ya gwada kaifin a farcensa, ya gyaɗa kai irin na wanda ya san aiki. Ya tambayi kaurin da za ta ɗiba, ta ce kamar ɓawon albasa. Ya ce aiki ne mai wuya, ta yi a hankali kada ta huda.

Likita Nuriyya ta yi dariya har tana riƙe tebur. "Hudawa kuwa zan yi, Malam Kalla, da gangan. In na yanko ta sai na bi ta da huji ɗari-ɗari kamar rariya, ta buɗe ta rufe wuri mai yawa, jini da ruwa su samu hanyar hita. Wadda ba huji ruwa ke taruwa ƙarƙashinta ya ɗaga ta."

Kalla ya tsaya yana kallon ta. Ya tuna turken akuya, da fata a kare da rana, da ɗan hasken da ke ɓullowa. Ya so ya ce wani abu, shi ma kalmar ta maƙale masa. Ya hau gadon ya kwanta rub da ciki.

Ya farka bayansa na ci kamar an zuba masa garwashi. An feɗe shi daga kafaɗa har ƙugu, faffaɗan zane huɗu, jini na tsattsafowa ta cikin ɗauri. Bai yi ko uhum ba. Da majo ya zo da allurar kashe zafi ya ce a bar shi haka, sai da likita ta zo da kanta ta zage shi sannan ya miƙa hannu. Aka ajiye gadonsa kusa da na Zakiru, ɗaya a kife, ɗaya a rigingine, Inna Haula a tabarma tsakaninsu tana jan carbi.

Rana ta biyar aka buɗe. Kalla ya karkato da kai yana leƙe ta gefen ido. Fatar tana nan shimfiɗe a ƙirjin ɗan'uwansa kamar ragar kamun kifi, ba ta yi baƙi ba. Likita ta danna ta da yatsa, wurin ya yi fari, ta ɗaga, jini ya dawo ya cika shi. Ta sake dannawa a wani wuri, ya sake dawowa. Ta ce a ba ta mako uku kafin ta yi murna, don baƙuwar fata ma takan yi wannan yaudarar kafin jiki ya kore ta. Mako uku suka cika, hujojin suka cike da sabon nama, zazzaɓi ya sauka, fata ta zauna daram.

"Ta kama," in ji likita Nuriyya, ta fita da sauri don kada a ga idonta.

Da la'asar ɗakin ya yi shiru, Halimatu ta fita wanki. Kalla yana kife har yanzu, don wani sashe na bayansa ya ƙi warkewa. Ya yi magana fuskarsa cikin matashi.

"Usaini. Hwatun nan na Baba. Ni na huda su, dut."

Ya san ba labari ba ne a wurin kowa a ɗakin, amma bai taɓa jin maganar a bakinsa ba. Carbin Inna ya tsaya. Zakiru ya ɗaga hannunsa mai ɗauri da ƙyar, ya sa kan yatsu biyu a sabuwar fatar ƙirjinsa, ya shafa ta a hankali, ya sake shafawa. Ya daɗe yana kokawa da kalmar farko, Kalla na jira, wannan karon ba wanda ya katse shi.

"Ha... Hasan," ya ce. "Ashe haka bayan da bai sha bulala ba ya ke. Laushi gare shi."

Kalla ya cusa fuska cikin matashi, kafaɗunsa suka shiga rawa har mikin bayansa ya buɗe, jini ya ɓullo ta cikin ɗaurin. Inna Haula ta tashi da ƙyar ta leƙa ƙofa tana kiran majo ya zo ya canja wa Hasan ɗauri.